Yadda Muka Kai Inna Ganin Teku

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta hango ni ina ɗingishi a layinmu na Harra sai ta tare ni, wadda ba ta gan ni ba ta bugo waya. Wata maƙwabciyarmu ma har kunu ta kawo mini, wai ta ji an ce mota ce ta kife da mu. Mota ba ta kife ba, ni ce na kife. Tun da bakina ya gaji da maimaici, kuma kowa ƙara wa labarin gishirinsa yake yi, gara in zauna in rubuta shi daga tushe.

Mu huɗu muka yi tafiyar. Akwai ni, Rabi, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a nan Madina. Akwai maigidana, Abban Suhaila, mai harhaɗa magunguna, mutumin da ko burodi zai saya sai ya tsara yadda za a je da yadda za a dawo. Akwai 'yarmu Suhaila, haihuwar nan, wadda take jin Hausa tsaf amma da Larabci take mayar da amsa. Sai uwar tafiyar, mahaifiyata, Inna, da ta zo mana ziyara daga Gumel.

Inna ta yi Umara, ta shiga Rauda, mun kai ta Uhudu da Ƙuba, muna ganin ba abin da ya rage sai sayen tsaraba. Wata safiya tana tsintar shinkafa ta ce, ko kai ba ta ɗago ba, "Wai Rabi, an ce akwai teku a ƙasar nan."

Na ce, "Akwai, Inna. Ai ta samansa kuka wuce a jirgi."

"Ni na ga wani abu? Tun da ya tashi daga Kano na runtse ido, ban buɗe ba sai da na ji ya dira. Ina so in gan shi kafin in koma."

Da na faɗa wa Abban Suhaila, sai ya ɗauki abin da zafi. Wani abokin aikinsa ya taɓa ba shi labarin wani wurin shaƙatawa a bakin teku, gaba da Badar, inda aka shimfiɗa matakalar katako a kan tuddan rairayi, mutum ya hau, ya bi turba, ya gangara har ruwa. Ya ce ga yawon buɗe ido, ga motsa jini. Washegari ya dawo da takalman kambas ƙafa huɗu, ya jera su a falo, ya yi mana bayani a kan amfanin tafiyar ƙasa ga zuciya. Inna ta ɗauki nata ta jujjuya, ta ce, "Ki ce wa Alhaji an gode, Allah ya ƙara buɗi." Ta kai su cikin akwatinta ta kulle, wai za ta kai wa wani jikanta.

Haka Inna take da surukinta. Ba ta kama sunansa, ba ta cin abinci yana kallo, in za ta yi masa magana kuwa sai ta bi ta kaina, ko da gwiwarsa na kusan taɓa tata.

Ranar Alhamis da safe muka loda tsohuwar motarmu Kirsida. Kwana ɗaya za mu yi, amma Inna ta haɗa kaya kamar za mu yi ƙaura: buta, tabarma, garin kunu, dambun nama, yaji a kwalba, har da muciya. Na cire muciyar a ɓoye, daga baya na tarar da ita a cikin but ɗin mota.

A Bi'ir Ali, inda ake ɗaura harami, muka fara tsayawa, ba don mun so ba. Manyan motocin masu Umara sun cika titi, maza farare fat cikin harami suna tsallakawa da silifa a hannu. Inna na ganinsu ta gyara zama, ta fara Labbaika da ƙarfi. Suhaila ta taɓa ta, ta ce, "Sitti, ihna rayhin al-bahar!" Wato, Kaka, teku za mu, ba Makka ba.

Inna ta harare ta. "To 'yar Larabawa, ina ruwanki? An riga an rubuta mini ladan, ki je ki goge."

Da muka fita daga gari hanya ta shiga tsakanin baƙaƙen duwatsu. Abban Suhaila ya saka kaset ɗin karatu, Inna ta yi gyangyaɗi, ba ta farka ba sai a shingen bincike. Wani matashin jami'i, baƙi, dogo, siriri, ya zo ya karɓi takardunmu yana dubawa. Inna ta leƙa ta taga ta ƙare masa kallo, ta ce da muryar da ta saba kiran awaki, "Allah sarki! Wannan yaro ko ba a ba shi abinci ne? Dubi wuya kamar mariƙin lema."

Jami'in ya sunkuyo a hankali, ya dube ta, ya ce da wata Hausa mai nauyin Larabci, "Kaka, ina ci. Ba ya zama ne."

Na ji kamar in shige ƙarƙashin kujera. Abban Suhaila ya ƙura wa sitiyari ido. Inna kuwa ko a jikinta, sai ma ta tafa hannu. "La ila! Ɗanmu ne ashe! Kai ɗan wane ne? 'Yan ina ne iyayenka?"

Ya ce a Makka aka haife shi, kakarsa ce ta zo daga Damagaram, a bakinta ya tsinci Hausar. Inna ta shiga lissafo masa mutanen Damagaram da ta sani, ko za a dace da dangi, motoci a bayanmu sun cika wuri da oda. Ba ta bar shi ba sai da ta cusa masa ƙullin dambun nama a hannu, ta ce ya riƙa ci da man shanu. Ya karɓa da hannu biyu, ya sara mata, ya ɗaga mana hannu muka wuce.

A Badar muka yi azahar. Muka tsaya a bakin katangar maƙabartar shahidai muka yi addu'a, Inna ta daɗe tana share hawaye da bakin mayafi. Daga nan muka shiga wajen wani tsoho mai dabino. A gida in ka ɗanɗana ɗaya, mai kaya idonsa na kan hannunka. Wannan tsoho kuwa fushi yake in ka tsallake wani iri ba ka ɗanɗana ba. Ya yi ta miƙo wa Inna, tana ci tana ƙulle ƙwallayen a gefen zani, wai za ta gwada su a bayan ɗaki. Da muka fito ba wanda ya sake zancen abincin rana.

Da la'asar muka isa wani ɗan gari da ke kusa da ruwa, muka kama ɗakunan haya masu kayan ɗaki a ciki. Na'urar sanyaya ɗakin ƙara take kamar injin markaɗe, in an kashe ta kuma sai ka ji kamar an rufe ka a tukunya. Inna ta je alwala ta dawo tana tofar da yawu, ta ce wani marar tsoron Allah ya zuba gishiri a tanki. Iska tana kawo ƙarnin teku har cikin ɗaki, ta so a je a gani a lokacin, amma Abban Suhaila ya ce a tsarinsa teku na gobe da safe ne.

Bayan magariba muka je cin kifi. A can kai za ka nuna kifin da kake so, a soya maka, a kawo shi da wata shinkafa mai launin ƙasa da ta sha albasa. Aka ba mu ɗan ɗaki mai labule na iyali. Inna ta juya mana baya, ta fuskanci bango da kwanonta. Sai ga mai kawo abinci da wani faranti na jambari, waɗannan 'yan halittun ruwa masu ƙafafu da gashin baki. Ni shekaruna a ƙasar nan ban taɓa yarda na kai su baki ba. Na ce a ɗauke kafin Inna ta gani hankalinta ya tashi. Ashe ta riga ta waiwayo.

"Mene ne wancan? Miƙo nan." Ta ɗaga ɗaya ta duba cikinsa da bayansa. "Yo wannan ai fara ce. Farar ruwa. Ji yadda suka ɓata ta, ko yaji babu."

Ta zaro kwalbarta daga jaka ta barbaɗe su. Ba mu ƙara jin komai ba sai ƙurus-ƙurus daga wajen bango. Ita kaɗai ta tashi da farantin.

Da sassafe muka isa wurin shaƙatawar. Mutanen ƙasar nan yadda suke fita shan iska daban ne da yadda Abban Suhaila ya tsara. Su mota suke kawowa har gindin inuwa, su shimfiɗa darduma a jikin taya, su zauna da gahawa da dabino, ba mai taka ko'ina. Da suka ga mun nufi matakala a jere, wani dattijo ya ajiye kofinsa ya bi mu da kallo kamar ya ga masu tafiya biyan bakance.

Matakalar ta katako ce, da igiya mai kauri a gefe don riƙewa. Sai dai rairayi ya riga mu zuwa. Wani takin yana fili, wani rabinsa ya nutse, wani kuma babu alamarsa. Ka ɗora ƙafa kana zaton katako ne, sai ka ji zuruf har ƙwauri. Abban Suhaila ne a gaba, ya ce a bar gorar ruwa a mota don kada nauyi ya hana mu sauri, ai ba nisa. Yana hawa yana bayanin yadda ake shaƙar numfashi ta hanci a fitar ta baki. Ni iska ta shiga abayata ta kumbura ta kamar tanti, hannu ɗaya na riƙe igiya, ɗaya na danne mayafi. Inna ta tuɓe silifanta ta bar su a gindin matakala, wai suna ja mata ƙafa, ta biyo mu tinƙis-tinƙis tana mita.

"Rabi, rairayi kuka kawo ni gani? Mu da muke da jigawa a bayan gari, kyauta, ba sai an sha mai ba?"

Da muka kai saman tudun, kowa ya miƙe ya buɗe ido. Babu teku. Wani tudun ne a gabanmu, ya fi na farko, da wata siririyar turba da aka kafa wa turaku tana ratsa kwarin da ke tsakani.

Inna ta ce, "Ki tambayi Alhaji ko tekun ya yi ƙaura ne."

Alhaji ya tsaya yana haki. Bayanin numfashi ya ƙare, yanzu numfashin kansa yake nema, ta hanci da ta baki gaba ɗaya. Ya zauna ya zazzage rairayi daga kambas, ya ce saura kaɗan.

Muka bi turakun, muka kama matakala ta biyu. Suhaila ce ta fara kaiwa, muka ji ta ƙwala ihu. Da muka iske ta, ga shi nan shimfiɗe, shuɗi, ba iyaka, har ya haɗe da sama. Inna ta tsaya ƙiƙam, ta riƙe haɓa. Tun da nake da ita ban taɓa ganin abin da ya ɗauke mata magana ba sai ranar.

Murnarmu ba ta daɗe ba. Matakalar da ke sauka wajen ruwa 'yan taki kaɗan ne a fili, sauran rairayi ya haɗiye su har da igiyar, sai gangare miƙaƙƙe kamar bango. Inna ta taka na farko, gwiwarta ta yi rawa, ta dawo ta zauna daɓas.

"Hawa na iya, amma gwiwar nan ba ta san sauka ba."

Na ce to mu koma ta inda muka zo. Ta waiwaya ta dubi wancan gangaren, ta girgiza kai. Nan ma sauka ce. Rana ta fara ɗagawa, rairayi ya fara ɗaukar zafi, ga ta ba takalmi, ga ruwa a mota. Na duba leɓɓanta sun bushe, na kama hannunta na ji jijiya na bugawa da sauri. Inna tana da hawan jini. A nan dariya ta ɗauke mini, na fara tunanin abin da zan faɗa wa 'yan'uwana in wani abu ya same ta a kan tudun da ba wanda ya aike mu.

Abban Suhaila ya matso, ya durƙusa, ya ce da ladabi, "Inna, in ba damuwa, sai in goya ki."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ki ce wa Alhaji gara a haƙa nan a binne ni."

Da ya ga ba hali, ya ce zai bi ƙirjin tudun ya nemo wata hanya mai sauƙi, ya samo ruwa. Muka bi shi da kallo yana nutsewa yana fitowa har ya ɓace. Na cire kambas ɗina na saka wa Inna da ƙyar, ni da Suhaila muka ware mayafi muka yi mata inuwa. Muka yi ta jira, shiru.

Can sai muka ji hayaniyar yara daga gefen teku. Wasu 'yan mata ƙanana ne suka hawo da rarrafe, suna jan wani ƙaton faranti na ƙarfe, irin wanda ake zuba shinkafa da rago guda a kai. A bayansu wata dattijuwa ce mai jiki, Balarabiyar ƙauye, tana hawowa da hannu da gwiwa, tana zazzaga musu faɗa. Jikokinta ne suka sace mata farantin abinci suna sulalowa da shi daga kan tudu. Tana isowa ta gan mu, faɗan ya tsaya. Ta ciro gorar ruwa daga cikin abayarta ta kafa wa Inna a baki, ko sallama ba ta gama ba.

Sunanta Ummu Nayif. Su ta bakin ruwa suka zo da babbar mota. Ta zauna kusa da Inna, Suhaila na yi musu tafinta, amma ba su daɗe suna buƙatarta ba. Ummu Nayif ta dafa gwiwarta ta yi tsaki, Inna ta dafa tata ta yi tsakin da ya fi nata, suka gyaɗa wa juna kai. Daga nan Ummu Nayif ta jawo farantin, ta kakkaɓe shi, ta ajiye a gaban Inna, ta nuna mata cikinsa.

Inna ta dube ni. "Me take nufi?"

Suhaila ta ce, "Zuhlega, Sitti!" Ta kwatanta da hannu, suuu.

"Ni? A faranti? Tuwo ce ni?"

Na ce, "Inna, rana ƙaruwa take, kuma ba mu san lokacin da zai dawo ba." Gaskiya ni ma ban yarda da dabarar ba, amma na fi tsoron zaman.

Ta dubi ruwan. Sai ta ce wa Suhaila, "Ke, hau can ki duba mini. Ubanki na hango nan?"

Suhaila ta leƙa ta ce babu kowa.

"Ki rantse."

"Wallahi, Sitti."

Inna ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta tattare zani tsakanin ƙafafu, ta shiga farantin ta harɗe, ta riƙe bakinsa da hannu biyu. Ta yi bisimilla, ta karanta duk abin da ake karantawa in za a hau abin hawa, ta fara ba ni wasiyya a kan awakinta. Ba ta kai ƙarshe ba Ummu Nayif ta sa tafin hannu a bayanta ta tura.

Jama'a, ban san faranti na gudu haka ba. Inna ta tafi kamar an harba ta, salatinta na tashi sama, ɗankwalinta ya rabu da kai ya bi iska, ƙura ta turnuƙe a bayanta. Da ta kai ƙasa farantin ya juya da ita, ya sake juyawa, ya tsaya. Ta kife a gefe. Ba ta motsa ba.

Ban san lokacin da na zuba a guje ba. Wanda bai taɓa gudu a gangaren rairayi ba, kada ya fara. Ƙafafuna suka riga ni, sannan na riga su, daga nan ban ƙara sanin sama da ƙasa ba. Na yi ta mirginawa cikin abaya kamar buhun gawayi da ya faɗo daga mota, na tsaya da bakina cike da rairayi, idon sawuna na dama yana wani irin zugi. Da rarrafe na ƙarasa inda take, ina kiran sunan Allah, na juyo ta.

Dariya take. Dariyar da ta hana ta numfashi, hawaye na bin kumatunta, tana dukan rairayi da hannu. Rabon da in ji wannan dariyar tun Baba na da rai. Da ta samu ta yi magana ta ce, "Ke kuma wa ya aike ki? Ba ga faranti ba?"

Ummu Nayif ta sauko a zaune, a hankali, cikin mutunci, kamar wadda aka ɗauko a kujera.

Suhaila ta kama ni, muka bi Inna zuwa bakin ruwa. Ta tsaya inda igiyar ruwa ke zuwa ta koma, ta bari ya taɓa ƙafarta. Ta ɗiba a tafin hannu ta kai baki, ta furzar. "Duk wannan ruwa, ba na sha ba, ba na wanki ba. Ikon Allah." Sai ta ce, "Ta ina Sudan take?"

Na nuna mata tsallake, inda ba a ganin komai.

Ta ce, "Yaya Sale ta can ya tsaya." Ban taɓa jin sunan ba. Ta ce wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana ƙarama ya tafi Hajji a ƙasa tare da ayari, shi ne mai goya ta in za a je gona. Bayan shekaru wani da ya dawo ya ce ya bar shi a Sudan, a bakin wani babban ruwa, yana jiran jirgin da zai tsallaka da shi. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. "Uwarmu har ta rasu tana tambaya wane irin ruwa ne wannan. Na ce in Allah ya kawo ni, sai na gano mata."

Ta ɗaga hannu tana addu'a a hankali. Ummu Nayif ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta zo ta tsaya a gefenta, ta ɗaga nata hannun, tana cewa amin.

Muna zaune a dardumarsu, an cika mu da gahawa, sai ga Abban Suhaila ya ɓullo daga wani lungu, jarkar ruwa a kafaɗa, kambas ɗaya a ƙafa, ɗaya rairayi ya karɓe. Turakun da ya bi sun ɓace masa a tsakiyar hanya, ya yi ta zagaye har ya faɗa kan wasu masunta, su suka ba shi ruwan. Ya zo da shirin ceto, ya tarar da Inna ta miƙe ƙafa tana cin dabino. Ya dubi tudun, ya dube ta.

"Ikon Allah. Ta yaya Inna ta sauko?"

Inna ta gyara mayafi. "Ki ce wa Alhaji Allah ne ya sauko da ni."

Suhaila ta cusa fuska a cinyata tana shessheƙar dariya. Shi kuwa ya tsuguna ya duba ƙafata, ya ce targaɗe ne, ya yage gefen rawaninsa ya fara ɗaurewa. Yana cikin haka na ga Inna na yi wa Ummu Nayif raɗa da hannu, tana nuna farantin da haɓa. Sai ta miƙe ta kakkaɓe zani.

"Rabi, ki ce wa Alhaji ya juya ya kalli ruwa. Kada ya waiwayo sai an ce."

Ya juya, bawan Allah, da ƙafata a hannunsa. 'Yan matan nan suka kama Inna, wasu na ja wasu na turawa, suka kai ta rabin tudun. Muka ji salati ya taso, ya wuce ta bayanmu, ya ƙare da dariya. Abban Suhaila bai waiwaya ba, amma ina ganin kafaɗunsa na rawa.

Ɗan Ummu Nayif ne ya zagaya da mu ta bakin ruwa a motarsu har inda muka ajiye tamu. Wajen sallama tsofaffin nan suka rungume juna kamar sun shekara tare. Inna ta ba ta kwalbar yaji, ta kwatanta mata da hannu cewa a kan farar ruwa ake barbaɗawa. Ummu Nayif ta sa aka saka farantin a but ɗinmu, ta rantse ba za a fitar ba. A hanyar dawowa Inna ta kafa mana doka: abin da ya faru a kan tudu ya tsaya a kan tudu, kada ta ji shi a bakin kowa a Gumel. Ku da kuke karantawa a Madina kuke, don haka ban karya doka ba.

Ta koma gida da farantin naɗe a cikin bargo, ta hana a saka shi a awo sai da ma'aikatan jirgi suka nuna mata ba zai shiga ta ƙofa da ita ba.

Shekaranjiya na je kabina, shagon buga waya, na buga gida in ji yadda ta sauka. Ƙanena Sani ne ya ɗauka a gidan maƙwabcinmu mai waya. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yaya Rabi, don Allah me kuka yi wa Inna a Saudiyya?"

Gabana ya faɗi. Na ce, "Lafiya? Jikin ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Jiya da yamma aka neme ta aka rasa, ita da yaran gidan gaba ɗaya. A bayan gari aka same su. Ta jera su a layi, tana riƙe da wani ƙaton faranti, wai ba mai hawa sai ya iya addu'ar hawa abin hawa."

Na ce, "To ita ta hau?"

Ya rage murya. "Cewa ta yi in juya in kalli gari."